Gansakukar Tekun da Aka Raɗa wa Suna Sau Biyu

A ranar 14 ga watan Afrilu na kowace shekara, masunta da manoman teku na garin Uto, a tsibirin Kyushu na kudancin Japan, sukan taru a kan wani tudu da ke fuskantar tekun Ariake, su ajiye furanni a gindin wani dutsen tunawa. Matar da aka kafa dutsen domin girmama ta Baturiyar Ingila ce, sunanta Kathleen Drew-Baker, wadda ta rasu cikin 1957 ba ta taɓa taka ƙasar Japan ba. Mutanen wurin suna kiranta Uwar Teku. Abin da ta yi musu kuwa shi ne ta gyara wani kuskure da ya daɗe a littattafan masana tsirrai: ta nuna cewa wasu halittu biyu, waɗanda aka ba sunaye dabam-dabam, aka kuma rubuta a shafuna dabam-dabam, ashe halitta ɗaya ce. Wannan gyara ya farfaɗo da sana'ar dubban gidaje.

Mutane da yawa suna ɗaukar sunayen Latin da masana ke ba tsirrai tamkar wani ado ne na ilmi, ko kuwa wahalar da ake ɗora wa ɗalibai. Labarin wannan gansakuka ya nuna cewa kowane suna irin wannan hukunci ne a kan dangantaka, watau wa ya haifi wa, kuma wa ke da nasaba da wa. In hukuncin ya yi daidai, yakan buɗe ƙofa. In ya kauce, yakan rufe ta shekaru masu yawa.

Jar gansakuka

Duk wanda ya taɓa ganin koren abin nan mai santsi da ke yaɗuwa a kan ruwan kududdufi ya san gansakuka. A cikin teku akwai danginta iri dubbai, wasu ƙanana ƙwarai, wasu kuwa tsawonsu ya fi na itacen dabino. Ba su da saiwa ta ainihi, ba su fure, ba su kuma yin 'ya'ya. Cikin 1836 wani masani daga ƙasar Ailan, William Henry Harvey, ya karkasa su bisa ga launi, kuma manyan kashi uku da ya fitar, watau koraye da masu ruwan ƙasa da jajaye, har yau ana amfani da su.

Jajayen su ne masana ke kira Rhodophyta, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar tsiro mai launin fure ja. An san fiye da iri 7,000 daga cikinsu, yawancinsu a teku. Suna da koren sinadarin nan da ganye ke kama hasken rana da shi, amma wani jan sinadari ya rufe shi. Wannan jan sinadari yana iya kama shuɗin haske, wanda shi ne ya fi ratsa ruwa mai zurfi, saboda haka jar gansakuka takan rayu a inda sauran tsirrai ba su iyawa. An taɓa samun wata irinta a zurfin mita 268 kusa da tsibiran Bahamas. Tsohuwar zuriya ce ƙwarai: an sami burbushinta a cikin duwatsun arewacin Kanada, wanda shekarunsa suka zarce miliyan dubu.

Wadda ake magana a kanta a nan tana tsirowa a kan duwatsun gaɓa, inda ruwa ke rufewa ya kuma janye. Siffarta kamar ƙyallen siliki ce mai ruwan jar garura, kuma kaurinta, a yawancin irinta, bai wuce ƙwayar halitta ɗaya tak ba. Mutanen Wales suna dafa ta har ta yi laushi, su ci da kumallo, suna kiranta bara lawr. Mutanen Sin suna kiran irin tasu zicai, na Koriya suna cewa gim, na Japan kuma nori, wadda suke busarwa falle-falle kamar takarda, su naɗe shinkafa da ita. Tun cikin dokokin ƙasar Japan na shekarar 701 an ambaci nori a cikin abubuwan da ake biyan haraji da su.

Sunan gida da sunan yanka

Da yake kowace al'umma da nata suna, dole masana su nemi hanyar da za su fahimci juna. Wanda ya daidaita wannan hanya shi ne Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin, a littafinsa Species Plantarum na 1753. Ya ba kowane tsiro suna mai kalma biyu da Latin. Ta farko ita ce sunan dangi, tamkar sunan gida, ta biyu kuma sunan irin, tamkar sunan yanka. Yakuwa, wadda ake yin zoɓo da ita, sunanta Hibiscus sabdariffa, rama kuma Hibiscus cannabinus. Wanda ya ga sunayen nan, ko bai taɓa ganin tsirran ba, ya san 'yan gida ɗaya ne.

Akwai ƙa'idodi da ke tsare wannan tsari, waɗanda masana tsirrai na duniya ke dubawa a babban taronsu lokaci-lokaci. Uku daga ciki sun fi shafar wannan labari. Ta farko, wanda ya raɗa suna tilas ya buga bayanin abin, ya kuma ajiye busasshen samfurinsa a wata ma'ajiya, domin in an yi gardama a koma gare shi. Ta biyu, in an ba abu ɗaya sunaye biyu, wanda aka riga bugawa shi ke da rinjaye, kuma ana fara lissafi ne daga 1753. Ta uku, in bincike ya nuna an sa tsiro a gidan da ba nasa ba, sai a mai da shi gidansa, sunan gida ya sāke, amma sunan yanka ya bi shi. Haka ta faru da kuɓewa. Linnaeus ya sa ta gida ɗaya da yakuwa, ya kira ta Hibiscus esculentus, sa'an nan cikin 1794 wani Bajamushe mai suna Moench ya ware ta, ta zama Abelmoschus esculentus.

Gansakukar duwatsun Turai ma ta yi irin wannan ƙaura. Linnaeus ya dubi siffarta, ya ga falle ce marar kauri, sai ya haɗa ta da wata koriyar gansakuka mai kama da ganyen latas, ya kira ta Ulva umbilicalis. Kalma ta biyu tana nufin mai cibiya, domin daga tsakiyarta take manne wa dutse. To, amma kama da wane ba ta wane. Cikin 1824 Carl Adolph Agardh, shi ma daga Suwidin, ya kafa sabon gida domin masu launin jar garura, ya kira shi Porphyra, daga kalmar Girkanci ta wannan launi. Cikin 1843 Friedrich Kützing na Jamus ya buga sunan Porphyra umbilicalis, wanda ake amfani da shi har yanzu. Irin na Japan sun sami nasu sunaye daga baya: Porphyra tenera cikin 1897, da Porphyra yezoensis cikin 1932, wannan kuwa daga Yezo ne, tsohon sunan tsibirin Hokkaido.

Sama da sunan gida akwai wasu matakai, kamar yadda gida ke cikin zuriya, zuriya cikin ƙabila. Porphyra tana cikin zuriyar Bangiaceae, wannan tana cikin ƙabilar Bangiales, ita kuma cikin ajin Bangiophyceae, wanda yake ɗaya daga cikin azuzuwan Rhodophyta.

Jan tabo a cikin ɓawo

Cikin 1892 wani masani Bature, Edward Batters, ya lura da wani jan tabo a jikin tsofaffin ɓawon halittun teku da aka ɗebo daga ruwan Biritaniya. Da ya duba da madubi mai ƙara girman abu, sai ya ga wasu siraran zaruruwa masu rassa, waɗanda suka huda ɓawon suna rayuwa a cikinsa. Babu shakka jar gansakuka ce, amma ba ta yi kama da wadda aka sani ba. Ya bi ƙa'ida, ya bayyana ta, ya kafa mata gida na kanta, ya kira ta Conchocelis rosea, watau jan tabon ɓawo.

Babu mai zargin Batters da ganganci, gama abin da idonsa ya gani shi ya rubuta. Amma daga ranar da sunan ya shiga littattafai, sai ya zama kamar katanga. Mai binciken Porphyra yana duban duwatsun gaɓa, mai binciken Conchocelis yana duban ɓawo, kuma babu wani dalili da zai sa ɗayansu ya leƙa shafin ɗan'uwansa. Haka aka zauna shekara 57.

A can Japan kuwa, tun ƙarni na 17 mutanen gaɓar Edo, wadda ita ce Tokyo ta yau, suke noman nori. Da kaka sukan kafa rassan itace da gora a cikin ruwa marar zurfi, daga baya kuma suka koma shimfiɗa raga. Bayan 'yan makonni sai ƙananan ganyayyaki su bayyana a jiki, su girma da sanyi, a yi ta tsinka har ƙarshen hunturu. Da zafi ya shigo sai gansakukar ta ɓace ƙaf. Ba wanda ya san inda take shiga, ba kuma wanda ya san daga inda irinta ke fitowa da kaka. Manomin da ba shi da iri a rumbu, sai dai ya share gona ya jira abin da iska ta kawo, to, sana'arsa ba ta da bambanci da caca. Wata shekara a cika kwanduna, wata shekara a tashi hannu banza. A ƙarshen shekarun 1940, lokacin da ƙasar ke fama da ƙarancin abinci bayan Yaƙin Duniya na Biyu, guguwar teku da gurɓatar ruwa suka haɗu, amfanin nori ya faɗi ƙwarai, manoma kuwa ba su da wata dabara ta mai da abin da ya ɓace.

Abin da aka gani a Manchesta

An haifi Kathleen Drew cikin 1901 a lardin Lancashire na Ingila, ta yi karatun ilmin tsirrai a Jami'ar Manchesta, ta kuma zama malama a can. Da ta yi aure cikin 1928 sai ta rasa matsayinta mai albashi, domin a wancan zamani ba a riƙe matan aure a irin wannan aiki. Ta ci gaba da bincike a matsayin girmamawa kawai. Abin da ya dame ta tambaya ce ta ilmi tsantsa: ina Porphyra umbilicalis ta gaɓar Wales take zuwa tsakanin ƙarni da ƙarni?

An riga an san cewa fallen gansakukar yana fitar da ƙwayoyin namiji da na mace, kuma bayan sun haɗu sai wasu ƙananan ƙwayoyin iri su zubo cikin ruwa. Masana sun sha shuka waɗannan ƙwayoyi a cikin kwano, sai su ga sun fitar da wasu 'yan zaruruwa marasa ƙarfi, waɗanda ba su zama komai ba. Ita kuwa sai ta sa gutsattsarin ɓawon kawa a cikin ruwan. Zaruruwan suka huda ɓawon, suka shiga, suka yi rassa, suka yaɗu, har jan tabo ya bayyana. Da ta gwada shi da bayanin Batters, sai ta ga babu bambanci. Cikin 1949 ta buga ɗan gajeren rahoto a mujallar kimiyya ta Nature, inda ta bayyana cewa Conchocelis wani zango ne a cikin rayuwar Porphyra.

Misalinsa kamar a ce wani ya ga tsutsa a kan ganye ya raɗa mata suna, wani kuma ya ga malam-buɗe-littafi yana tashi ya raɗa masa wani, ba su san cewa wannan ita ke zama wancan ba. Sai dai na gansakuka ya fi haka ban mamaki, gama a nan ƙarni biyu ne ke karɓa-karɓa. Fallen da ake ci yana ɗauke da jeri ɗaya na kayan gado a cikin kowace ƙwayar halittarsa, zaren cikin ɓawo kuwa yana ɗauke da jeri biyu. Falle yana haifar zare, zare ya ɓuya cikin ɓawo a ƙarƙashin teku duk tsawon lokacin zafi. Sa'ad da ruwa ya fara sanyi, yini kuma ya gajarta, sai ya saki wasu ƙwayoyin iri, waɗanda ke manne wa dutse ko gora ko raga su zama sabon falle.

Wani shehun malami na Jami'ar Kyushu, Sokichi Segawa, ya ga muhimmancin wannan rahoto, ya sanar da masu binciken sana'ar su na yankin. Cikin 1953 Fusao Ota, na tashar binciken kamun kifi ta Kumamoto, ya yi nasarar shuka irin nori a kan raga da hannu. Hanyar da ake bi har yau daga nan ta samo asali. Ana renon zaren a jikin ɓawon kawa cikin kwatarniyoyi a ɗakuna, ana lura da haske da zafin ruwa. Da kaka sai a naɗe raga a jikin manyan gargare masu juyawa, a riƙa tsoma ta cikin ruwan da irin ya zuba, kana a kai ta teku. Manomi ya sami rumbun iri ke nan. Cikin 1963 manoman suka tara kuɗi suka kafa dutsen tunawa na Uto.

Sunan Conchocelis kuwa, bisa ga ƙa'idar rigaye, ya faɗi, tun da Porphyra ta 1824 ta girme shi. Amma ba a jefar da kalmar ba: har yanzu masana da manoma suna amfani da ita, da ƙaramin baƙi, domin ambaton wannan zango na cikin ɓawo.

Da iri ya shiga hannu, sai zaɓe ya yiwu. Manoman wani wuri da ake kira Narawa, a lardin Chiba da ke bakin tekun Tokyo, sun lura da wata yezoensis mai dogon ganye da saurin girma, aka yi ta yaɗa ta. Cikin 1984 Akio Miura ya ba ta suna a hukumance, Porphyra yezoensis forma narawaensis. Kalmar forma mataki ce a ƙarƙashin iri, ana amfani da ita ga reshen da ya bambanta da 'yan'uwansa kaɗan, ba har ya isa a ce wani iri ne dabam ba. Yawancin nori da ake nomawa a Japan daga wannan reshe ya fito.

Shaidar jini

Da a ce labarin ya ƙare a nan, da sai a ɗauka an gama gyara. Amma wata matsala ta rage. Falle mai kaurin ƙwaya ɗaya ba shi da alamomi da yawa da ido zai kama. Launi da tsawo suna sākewa bisa ga ruwa da haske, saboda haka duk wata jar gansakuka mai wannan siffa, daga Alaska har Niyu Zilan, sai a zuba ta cikin gidan Porphyra, har irin da ke ciki suka haura ɗari.

Daga ƙarshen ƙarni na 20 masana suka sami sabon mashaidi, watau DNA, sinadarin da ke ɗauke da rubutun gado a cikin ƙwayar halitta. In aka karanta wani sashe nasa daga halittu biyu aka gwada, ana iya sanin kusancinsu, kamar yadda masu sanin nasaba ke bin salsala. Cikin 2011 wata ƙungiyar masana daga ƙasashe da dama, da Judith Sutherland ta Niyu Zilan a kan gaba, ta buga sakamakon irin wannan gwaji a kan dukan ƙabilar Bangiales. Suka tarar cewa masu siffar falle ba daga kaka ɗaya suka fito su kaɗai ba, wasunsu ma sun fi kusa da masu siffar zare a kan junansu. Saboda haka suka raba ƙabilar gida 15, bakwai na masu zare, takwas na masu falle.

Sunan Porphyra ya tsaya ga 'yan kaɗan waɗanda ke kusa da samfurin da aka kafa gidan a kansa, har da umbilicalis ta Wales. Nori na Japan, da yawancin sauran, suka koma wani gida. Da aka nemi sunan da za a ba shi, sai ƙa'idar rigaye ta sake aiki: an tarar cewa tun 1899 an buga sunan Pyropia ga ɗaya daga cikinsu, an kuma manta da shi. Wanda ya raɗa shi kuwa Jacob Georg Agardh ne, ɗan wanda ya raɗa Porphyra. Haka nori ya fita daga gidan da uba ya gina, ya shiga wanda ɗa ya gina, ya zama Pyropia yezoensis. Wannan ya nuna kuma cewa abin da Drew-Baker ta gano a jikin gansakukar Wales ya yi aiki ne a kan wata da ba gidansu ɗaya ba, domin zangon cikin ɓawo gādo ne na dukan ƙabilar.

Cikin 2020 wasu masana suka ƙara rarraba Pyropia, suka sa nori cikin sabon gida mai suna Neopyropia. Cikin 2022 wasu suka mai da martani, suka ce rabon ya yi yawa, hujjarsa kuma ba ta isa ba, a koma wa Pyropia. Saboda haka mai karanta rubuce-rubucen kimiyya zai iya cin karo da sunaye uku, duk kuwa abu ɗaya ake nufi. Gardamar ba a kan DNA take ba, gama sassan biyu suna karanta rubutu ɗaya ne. Inda suka saɓa shi ne wurin da ya kamata a ja iyaka tsakanin gida da gida, wannan kuwa hukunci ne na mutane.

Ribar gyara da kuɗinsa

Sāke suna yana da tsada. Dokokin kwastan, da takardun ciniki, da littattafan makaranta, duk sai an bi su an gyara, mai neman tsohon bincike kuma tilas ya san dukan sunayen da abu ya taɓa amsawa. Masu harkar ƙaro a Sudan da Chadi sun ga irin wannan, sa'ad da dakwara, wadda aka daɗe ana kira Acacia senegal, ta koma Senegalia senegal, bagaruwa kuma ta koma Vachellia nilotica, bayan da taron masana tsirrai na 2005 ya bar wa itatuwan Ostareliya sunan Acacia. Shi ya sa ƙa'idodin suka tsananta, ba a kuma karɓar sabon suna sai da hujja.

Amma barin kuskure ya fi tsada. Tenera, wadda ita ce nori ta asali a gaɓar Edo, yanzu ta yi ƙaranci a daji har hukumomin Japan sun sa ta cikin jerin halittun da ake tsoron ƙarewarsu. Da ido da wuya a bambanta ta da yezoensis, wadda ta maye gurbinta a gonakin teku. In da ba a raba su da suna ba, ba a kuma sami hanyar tabbatar da wace ce wace ba, da sai ta ƙare ba wanda ya sani, domin kowa zai ga gaɓa cike da nori. Haka kuma mai neman irin da zai jure ɗumamar ruwan teku, dole ya san waɗanne ne 'yan'uwa na kusa kafin ya yi tunanin haɗa su.

Hausawa kan ce suna linzami ne. Sunan da Batters ya raɗa ya karkatar da masana daga hanya fiye da rabin ƙarni, gyaran da aka yi masa a wani ɗakin bincike na Manchesta kuma ya kai manoman Ariake ga irin da kakanninsu suka yi shekara ɗari uku suna jira daga teku. Yawancin fallen nori da aka noma a yau, ko da wane suna aka rubuta a jikin takardarsa, ya fara rayuwarsa ne a matsayin jan tabo a cikin ɓawon kawa.